Kafin Sunaye Su Fito: Me Jarrabawar Yara Masu Baiwa Take Aunawa?

Tun ranar da ɗanta ya fito daga ɗakin jarrabawa ƙanwata ba ta ƙara samun barcin kirki ba. Ita tana Badarawa, ni ina Kawo, amma da wuya a idar da sallar isha'i ba ta kira ni ba. "Yaya, an ce sunaye sun fito, don Allah duba mana." In duba, shiru. Kashegari kuma wata daga cikin iyayen 'yan ajinsu ta turo hoton wata takarda mai dishi-dishi a zauren WhatsApp, kowa ya duƙufa yana laluben sunan nasa, can sai wani ya lura ashe jerin bara ne. Yaron da ake wannan zullumi a kansa shekararsa goma, yana aji shida na firamare, jarrabawar da ya zauna kuwa ita ce ta neman shiga makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja.

Na sha ganin irin wannan jira a gidajen garin nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda iyaye ke ɗaukar takardar da suke dako, kamar alƙali ne zai yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwar ɗansu. In suna ya fito, to yaro mai baiwa ne. In bai fito ba, ashe tun farko ruɗin kai ake yi. Wanda ya san yadda ake haɗa jerin sunayen nan ba zai ɗora masa wannan nauyin ba, don haka bari mu warware shi zare-zare.

Makarantar ta Suleja, a Jihar Neja, an kafa ta ne a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ta samo asali daga shirin ilimin yara masu baiwa da aka ɗauko lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi. Manufar ita ce a tsamo yaran da suka yi wa tsaransu fintinkau daga jihohin ƙasar nan, a tara su wuri guda suna kwana, gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. Hukumar NECO mai hedikwata a Minna ce ke shirya jarrabawar shiga, kuma daban take da kwaman da ake yi don shiga kwalejojin haɗin kai na tarayya, irin ta Malali a nan cikin Kaduna, da ta 'yan mata a Zariya, da ta kimiyya da fasaha a Kafanchan. Iyaye da dama sukan yanka wa yaro fom ɗin duka biyun, in wannan ta ƙi waccan ta yi.

Ba banza ba muka yarda cewa makaranta ɗaya kan iya juya rayuwar yaro. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 aka dawo da ita Kaduna a 1938, daga nan ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da Gowon da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk ta nan suka bi. Shekara ɗari ke nan mutanen Arewa suna ganin an ɗebi 'yan yara kaɗan an kai su wuri guda, daga baya sun dawo suna riƙe da ƙasa. Uwar da ta kasa barci a Badarawa wannan tarihin ne a bayan kunnenta, ko da ba ta taɓa karanta shi ba.

To amma jerin sunaye da gurbi yake farawa, ba da maki ba. Makaranta tana da gadaje iyakantattu da azuzuwa iyakantattu. A ce kujera ɗari ce, yara dubu uku suka zauna. Za a jera su daga sama zuwa ƙasa, inda kujera ta ɗari ta ƙare nan ake ja layi. Makin da ya faɗo a kan layin shi ake kira makin tsallakewa, kuma ba wani masani ne ya zauna ya gano cewa daga nan baiwa take farawa ba. Da za a gina ƙarin ɗakin kwana ɗaya a bana, layin zai sauko, yara hamsin da za a ce ba su ci ba su wayi gari sun ci, alhali ko harafi ɗaya bai ƙaru a kansu ba.

A kwalejojin haɗin kai ma lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, domin ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyana cewa kashi 60 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 30 ana raba su daidai tsakanin jihohi, sauran kashi 10 kuma an ware su don buƙatu na musamman. Wannan kashi 30 ɗin yana da wani tasiri da mazauna Kaduna ba su cika lura da shi ba. Jihar asali ake dubawa, ba inda yaro yake zaune ba, Kaduna kuwa gari ne na taron dangi. Yara biyu da suka tashi a layi ɗaya a Unguwar Dosa, benci ɗaya suke zama, maki ɗaya suka samu, sai ka ga ɗaya ya shiga ɗaya ya rasa, saboda takardar asalin wannan ta ce Zamfara, ta wancan ta ce Kogi, kowa da waɗanda yake gogayya da su. Ni ina goyon bayan wannan rabon, domin in babu shi wasu jihohin ba za su ga ƙeyar 'ya'yansu a makarantun ba. Sai dai ya kamata uba ya san da shi kafin ya tsare ɗansa da tambayar me ya sa ɗan maƙwabci ya ci shi bai ci ba.

Kashi goman nan kuma shi ke ba da ƙofar maganar hanya, a yi ta cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. 'Yan damfara sun san wannan raunin. Wata ƙawar ƙanwata an kira ta da baƙuwar lamba, mutumin ya faɗi sunan 'yarta daidai, ya ce maki biyu ya rage mata, in an turo kaza zai sa a ɗaga ta kafin a rufe. Allah ya taimake ta mijinta ya hana. Duk wanda ya kira ka a kwanakin jira ya nemi kuɗi a asusun kansa, fargabarka yake son ya ci.

Sai mu zo ga takardar tambayoyin kanta, inda na fi so mu daɗe. Irin waɗannan jarrabawoyi sukan haɗa lissafi da Turanci da tambayoyin auna tunani, na kalmomi da na lambobi, waɗanda ake cewa wai suna gano kaifin basira ba abin da aka haddace ba. A aikace kuwa kowane shagon littattafai a garin nan yana sayar da littattafan atisaye a kansu, makarantun kuɗi suna koyar da su tun daga aji ɗaya, kuma akwai malaman lesin da sana'arsu ke nan. Yaron da ya shekara biyar yana warware "wace lamba ce za ta biyo baya" in ya gan ta a ɗakin jarrabawa tsohuwar abokiya ya gani. Wanda bai taɓa cin karo da ita ba sai ya ɓata minti biyar yana neman gane abin da ake so da shi, kafin ya fara tunanin amsa.

Ga kuma harshe. Duk tambayoyin da Turanci suke, har na lissafin. Ka ɗauki yaro a Rigasa da ke taya mahaifinsa tsare shago bayan an tashi makaranta, yana haɗa kuɗin mudun shinkafa uku da rabin kwalbar mai da sabulu biyu, ya cire daga dubu goma ya ba da canji kafin babba ya gama latsa waya. Wannan lissafin ne za a rubuta masa da Turanci cikin jimla mai layi uku, ya tsaya cak a kan kalma ɗaya da bai sani ba. Na'urar da ke duba takardarsa sifiri za ta ba shi a wannan tambaya, daidai da wanda bai iya ƙirga yatsunsa ba. Kuma kada mu manta da wanda ya koyar da shi. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya. An yi ta muhawara a kan adalcin gwajin da korar da ta biyo baya, amma ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya, ya san yaran makarantun gwamnati da na kuɗi ba daga layi ɗaya suke tashi tseren nan ba.

Sannan rana ɗaya ce tak. Yaro ya kwana da zazzaɓin cizon sauro, ko ya fita ba karin kumallo don kada a makara, ko ya tsallake layi ɗaya wajen cike ɗigon amsa da fensir, duk amsoshin da suka biyo baya suka goce. Masu ilimin auna ƙwazo da kansu sun yarda kowane maki yana da ɗan kuskure a tare da shi, in aka sake wa yaro irin jarrabawar bayan mako guda zai iya hawa ko sauka da 'yan maki. A can saman jeri wannan ba ya canza komai. A bakin layi kuwa, inda yara suka yi cincirindo da tazarar maki ɗaya ko biyu, shi ne ke raba wanda za a yi wa barka da wanda za a yi wa jaje.

Abin ya fi muni in yaron ƙarami ne sosai. Yanzu a Kaduna akwai makarantun kuɗi da ke yi wa ɗan shekara huɗu ko biyar gwaji da intabiyu kafin su ɗauke shi, wasu har da aji na musamman na waɗanda suka ce haziƙai ne. Na ga uwa tana jiran irin wannan sakamako da fargabar da ta fi ta ƙanwata. Mutane sukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma ɗan shekara huɗu ko Litinin bai kai ba. Tsakanin wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disambar shekara ɗaya akwai wata goma sha ɗaya, kusan rubu'in duk rayuwarsu ke nan. Ga kunya: yaron da aka tarbiyyantar kada ya kalli babba ido cikin ido, aka zaunar da shi gaban baƙuwar malama tana yi masa tambaya da Turanci, shirunsa ladabi ne, ita kuma ta rubuta bai sani ba. Birnin Niyok na Amurka ya shekara da shekaru yana yi wa 'yan shekara huɗu jarrabawa ɗaya don shiga azuzuwan masu baiwa, a 2021 aka daina, bayan doguwar suka cewa abin da take tacewa shi ne iyayen da ke iya biyan kuɗin shiri.

Tarihin gwajin ma yana da abin faɗa. Alfred Binet, Bafaranshen da ya fito da gwajin basira na farko a 1905 tare da abokin aikinsa Simon, ya yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Lewis Terman na Jami'ar Stanford da ke Amurka ne ya juya shi zuwa farautar haziƙai. A 1921, shekarar da aka kafa Kwalejin Katsina, ya tace yara kusan 1,500 a Kalifoniya, aka riƙa bin rayuwarsu har suka tsufa. Da yawa sun yi nasara a rayuwa, babu musu. Amma cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya suka ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956 ɗaya a 1968. Cikin waɗanda aka zaɓa kuwa ba wanda ya ci ta.

Mu nan muna da tamu hanyar gane haziƙi wadda ta girmi duk wannan. Alaramma a tsangaya ba ya yanke wa kolo hukunci da zama ɗaya. Shekaru yake yi yana kallonsa: sau nawa ake biya masa kafin ya riƙe, ya wanke allonsa da wuri ko sai an bi shi, in dare ya yi wa ke tashi ya koma gindin wuta yana tilawa ba wanda ya sa shi. Akwai mai saurin hadda da saurin mantuwa, akwai mai jan ƙafa wanda in ya riƙe ya riƙe ke nan, kuma sau da yawa na biyun ne ke zama gwani. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Joseph Renzulli, ya zo da makamancin wannan a 1978, inda ya ce baiwa tana bayyana ne in abu uku sun haɗu: ƙwazon da ya ɗara na tsara, da iya ƙirƙira, da naci a kan aiki. Takardar awa biyu ko uku tana iya leƙa na farkon. Naci kuwa sai wanda ya zauna da yaro ya san shi, kuma a nan uwa ta fi kowace hukuma sani.

Saura tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan fargaba: in yaro ya rasa, ya yi asarar rayuwa ke nan? Wasu masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Joshua Angrist da ya ci Nobel a 2021, sun wallafa bincike a 2014 a kan fitattun makarantun Boston da Niyok da ake shiga da jarrabawa. Suka kwatanta yaran da suka tsallake layi da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, suka tarar sakamakon jarrabawoyinsu na gaba kusan ɗaya ne. Wato yawancin abin da ake yaba wa makarantar da shi, yaran ne suka shigo da abinsu. Ina son wannan binciken, amma ba zan ɗauko shi ɗungurungum in kifa a kan Kaduna ba. A can, wanda ya rasa yana komawa makarantar da ke da malamai da littattafai. A nan zai iya komawa ajin da yara suka haura ɗari, wasu a ƙasa, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa sai dai a ji labari. Ga iyalin da ba su da kuɗin makarantar kuɗi mai kyau, gurbin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan ce wa uwa ta daina damuwa ba. Ta damu da inda zai yi karatu. Abin da nake roƙo shi ne kada damuwar ta koma shakka a kan yaron.

Akwai wani tsoron da ba a cika faɗa a zauren WhatsApp ba, shi ne tsoron a ci. Mijin ƙanwata tun da aka fara maganar nan bai ce uffan ba, sai ranar da muka keɓe bayan sallar Juma'a ya ce mini, "Yaya, ko ya ci ban san ko zan iya barinsa ya tafi ba." Ban ga laifinsa ba. Mutumin Kaduna bai manta da ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka kwashe a Yulin 2021 ba, ko na Kuriga a Maris ɗin 2024, duk a ƙaramar hukumar Chikun, ko na kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Jihar Kebbi. Hanyar Suleja kuma ita ce hanyar Abuja da kowa ya san labarinta. Ko an ajiye batun tsaro, ɗan shekara goma ne, wanda har yanzu sai an tuna masa ya wanke safarsa. Mu ne kuma muke ƙara tsananta abin da son tsallake aji, a ciro yaro daga aji huɗu ko biyar a tura shi sakandare don a ce ya gama da wuri. Kai yana iya kaiwa aji ɗaya na sakandare alhali zuciya tana aji huɗu. Wannan shawara ce da ya kamata miji da mata su gama ta tun sunaye ba su fito ba, domin in takarda ta zo da wa'adin mako biyu, murna da 'yan barka ba za su bar mutum ya yi tunani ba.

Duk da haka, yaron da ya fi tsaya mini a rai ba ɗan ƙanwata ba ne. Shi an yanka masa fom, an kai shi shagon intanet an yi rajista, an biya masa lesin. Wanda nake tunani shi ne wanda ba a jiran komai a kansa, domin iyayensa ba su taɓa jin akwai wata jarrabawa irin wannan ba, hedimastansu ma bai ambata ba. A wata babbar gunduma ta Jihar Fulorida a Amurka an taɓa sauya tsari, maimakon a jira malami ko uba ya gabatar da yaro, sai aka gwada kowane ɗan aji biyu. Adadin 'ya'yan talakawa da aka gano masu baiwa ya yi tsalle sosai, kamar yadda masu bincike David Card da Laura Giuliano suka nuna a 2016. Suna nan tun da can, ba a dai duba ba ne. Maƙwabtanmu sun gwada nasu: Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba sa ƙirguwa, Jigawa kuma ta gina makarantar haziƙai a Bamaina zamanin Sule Lamiɗo. Abin da nake so in gani a Kaduna shi ne a bi kowace firamare ta gwamnati, daga Birnin Gwari zuwa Sanga, a gwada duk 'yan aji biyar kyauta, wani ɓangaren gwajin da harshen da yaro ke tunani da shi, a kuma saurari malaman da suka shekara suna kallonsu.

Ranar Asabar da ta wuce na je Badarawa. Na tarar da ƙanwata a kicin, waya a gefen murhu, tana juya miya tana leƙa ta. Na ce mata ta je ta karɓo fom ɗin wata makarantar ta ajiye, kuma ta daina yin maganar sakamako a gaban yaron, domin ya fara amsa sunan "Dakta" da 'yan uwa suka laƙaba masa da wata irin murya da ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce ai ba ya ji, wasansa yake yi.

Yana zaune a bakin baranda ya baje kayan wata tsohuwar rediyo, ya ciro ɗan injin da ke juya kaset, ya yanka murfin robar man shafawa ya yi masa fukafukai uku. Ya haɗa waya biyu da batirin tocila, abin ya ɗan motsa ya tsaya. Ya juya batirin, ya lanƙwasa fiffike ɗaya da haƙori, ya sake gwadawa. Ban yi magana ba, na zauna kusa da shi. Can, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Kawu, in sunana bai fito ba Mama za ta yi kuka?"

Na ce masa wataƙila ta yi, amma ba da shi za ta yi fushi ba, kujeru ne suka yi kaɗan. Ya yi shiru yana murɗa wayar da yatsa. A karo na huɗu fankar ta kama juyi sosai, ya ɗaga ta saitin fuskata don in ji iskar, sannan ya tashi da gudu ya nufi kicin da ita.